Na Ji Takunka Daga Ƙasar Ƙanƙara

Zuwa ga Aliro Mansilla, a gidan mahaifiyarsa, Punta Arenas.
Daga sansaninmu na bakin teku, Antaktika, farkon Nuwamba.

Ya kai sanyin idona, ɗumin ƙirjina, garwashin da na dunƙule a tafin hannu na ratsa hunturu da shi! Ya kai matuƙin da ke gane hanya a cikin hazo, mai idon shaho, mai dariyar da ke tada tsuntsaye daga kan duwatsu! Aliro nawa, mai taurin kai, mai kunnen ƙashi, gaisuwa gare ka daga ƙarshen duniya. Gaisuwa mai yawan dusar ƙanƙarar da ta toshe tagata, mai zurfin tekun da ke tsakaninmu, mai nacin iskar nan da ba ta san gajiya ba. Yasna ce, nas ɗin sansani, wadda ka ce wa ta manta da kai. Ka ga dai yadda mantuwar take tafiya.

Ka ƙi ɗaga wayata. Na aika saƙo, ka bar shi a rufe. To, ga takarda. Jirgin sama na farko zai sauka cikin makon nan in iska ta yarda, matuƙinsa kuma ya yi min alkawarin kai ta hannun mahaifiyarka. Ita kuwa ta ce za ta sa ta ƙarƙashin kwanon miyarka, ta ja kujera ta zauna a gabanka har sai ka kai layin ƙarshe. Ka fi ni sanin Doña Orfelina. Gara ka karanta tun miyar da zafi.

Ka tuna ranar da ka kashe inji?

Cikin Janairu ne, tsakiyar bazara, lokacin da rana ke kewaya sama ta ƙi faɗuwa. Ka je ka ce wa Shugaban sansani za ka gwada sabon injin kwalekwale, kuma kana bukatar nas a kusa ko da wani abu zai faru. Ya dube ka ta saman tabarau ya ce, “Injin ne ba shi da lafiya, ko mai injin?” Duk da haka ya bar mu muka fita. Teku ta kwanta luf kamar an shafa mata mai. Tsaunukan ƙanƙara suna ta yawo a kanta a hankali, wasu farare fat, wasu shuɗaye kamar yanzu aka tsamo su daga rini. Da muka yi nisa har jan rufin sansani ya koma kamar ɗigon jini a kan farin zane, sai ka kashe inji ka ce in yi shiru. Ni da ba a haife ni da shiru ba!

Na yi, sai na ji abin da kunnena bai taɓa ji ba: ƙanƙara tana magana. Ƙananan gutsattsarin da suka kewaye kwalekwalenmu suna ta tsartsatsi, ƙas-ƙas-ƙas, kamar an jefa albasa a tafasasshen mai. Ka ce iska ce da ta maƙale a cikinsu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, sai yau ta samu ƙofar fita. Daga nan ka share maƙogwaro, kunnuwanka suka yi ja, ka ce, “Ni ma akwai wata magana da ta daɗe a maƙale.”

Ba ka ƙarasa ba ruwa ya tsage a gefenmu. Uwar wel ta taso da ɗanta, ƙaton kifin nan mai numfashi, gadon bayanta baƙi wuluk, ya ninka kwalekwalenmu nesa ba kusa ba. Ta fesa numfashi sama, iska ta juyo mana da shi gaba ɗaya. Wayyo, warin! Kamar an buɗe kwandon ruɓaɓɓen kifi a cikin hancin mutum! Kai kuwa kana durƙushe da gwiwa ɗaya, gemunka na ɗigar da majinar kifi, ko gezau ba ka yi ba, ka ce, “Yasna, za ki aure ni, ko sai na ƙara kiran wata shaidar?”

Na yi dariya har na kusa faɗawa ruwa. Sannan na ce e. Na ce e a gaban ruwa da dutse, a gaban uwa da ɗanta, a gaban Ubangijin da ya shimfiɗa wannan farar ƙasa ya hana kowa mallakarta. Kuma tun daga ranar da ka kashe min waya nake ta juya wannan yini a raina, ina kakkaɓe shi kamar mai neman allura, ban tuna an ambaci ƙafa a wurin ba. Kai na ce wa e, Aliro. Ban ƙirga gaɓoɓinka ba kafin in amsa.

Na san ba ka son a tada maganar ƙarshen Maris. Zan tada ta, domin ni ma tawa ce. Jirgin ruwa na ƙarshe ya riga ya kwashe mutanen bazara, mu ’yan hunturu kaɗai muka rage. Kuna janye kwalekwale daga ruwa kafin teku ta daskare. Bangon ƙanƙarar nan na ƙetaren gaɓa, wanda kullum kake nuna min kana cewa ya ja baya daga inda ka same shi shekarun farko, ya yi ƙara kamar aradu, ya ɓalle gefe guda. Igiyar ruwa ta taso ta turo wani dunƙule mai girman mota kan matakalar ƙarfe. Don Belarmino, tsohon da ke dafa mana abinci, yana tsaye daidai wurin da butar shayin da ya kawo muku. Ka ture shi. Ƙanƙarar ta same ka a ƙafa.

Sai guguwa ta rufe mu. Ba jirgin da zai iya sauka. Likita yana min magana ta waya daga Punta Arenas, muryarsa na yankewa tana dawowa, ni ina yi da hannuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, masoyina. Ni na keta wandonka da almakashi, ni na wanke raunin, ni na fara ganin yatsun suna sauya launi. Na san ƙafar nan ba za ta isa gida da ranta ba tun kana cikin zazzaɓi kana kiran sunan karen gidanku. Na sani, na ci gaba da shafa maka goshi. Na sani, na ci gaba da ɗura maka romo da cokali. To me ya rage da kake ɓoye min? Wane labari ne za ka ba wanda aka yi abu a kan cinyarsa?

Da sama ta washe jirgi ya zo, na so in bi ka. Allah ya sani na so, har na sa takalmi. Amma ni kaɗai ce mai jinya a cikin mutanen da za su kwana hunturu, kuma kai da bakinka ka hana ni. Kana kwance a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, leɓɓanka sun bushe, ka kama hannun rigata ka ce, “Zauna. In kika biyo ni, wa zai riƙa ɗinke yatsan Belarmino duk ranar da ya yanka albasa?” Na zauna. Na tsaya a kan dusa ina kallon jirgin har ya zama ƙuda, har ya zama babu.

Bayan an yi maka aiki ka kira ni, sau ɗaya tak. Muryarka ta zo kamar daga cikin rijiya.

“Yasna, sun yanke ta, ƙasa da gwiwa.”

Na ce, “Na sani, raina. Yaya zafin?”

Ka ce, “Na warware alkawarin da ke tsakaninmu. Ki nemi cikakken mutum.”

Na ce, “Kai Aliro, tsaya ka ji...”

Ka kashe.

Cikakken mutum! A wace kasuwa ake sayar da shi? Da mudu ake auna shi, ko da igiya? Wanda ya ga mutuwa ta nufo tsoho ya sa jikinsa a tsakani, shi ne ragagge, wanda ya tsaya da ƙafa biyu yana kallo shi ne cikakke? Haba, hasken idona! Haba, zumar bakina! Ka ɗaura alkawari da mutum biyu, ka zo ka kwance shi kai kaɗai? Igiyar da aka ɗaure jirgi da ita ma ai baki biyu gare ta. Ka saki naka bakin, na ji. Nawa yana hannuna, ya ci min tafi, ya fasa min fata, ban saki ba.

Daga nan hunturu ya shigo. Rana ta riƙa gajarta, tana leƙowa tana komawa kamar amaryar da ke jin kunya, har ranar da ta kasa haura dutsen da ke arewa da mu. Tsakar rana ta koma wani ja-ja a gefen sama, shi ke nan. Teku ta daskare har iyakar ganin ido. Tsuntsaye suka watse, karnukan teku suka bi bakin ruwa suka tafi, sai farin tsuntsun nan mara kunya da ke kwana a bayan kicin yana jiran a zubar da ruwan wanke-wanke. Iska ta yi ta kuka a jikin bango kamar wadda aka yi wa mutuwa. In zan je ɗakin magani sai na kama igiyar da kai ka ɗaura tsakanin gine-gine, ina bi ƙulli bayan ƙulli, ban ganin ko tafin hannuna. Kowane ƙulli na san hannun da ya yi shi. Ka ce in manta da kai, alhali kai ke kai ni wurin aiki kowace safiya!

Ka san abin da ya fi damuna? Rashin ƙamshi. Ƙasar nan ba ta da wari sai na man inji da na safa. Na riƙa mafarkin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, da hayaƙin itace, da wuyanka in ka shigo daga teku. Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Wata rana na ɗauki ƙoƙon da kake shan shayin mate da shi na maka shi da bango. Bai fashe ba. Shi ma taurin kan mai shi gare shi. Na ɗauko shi na wanke, yanzu da shi nake sha.

Don Belarmino ne ya hana ni lalacewa. Tsohon nan tun ranar da aka tafi da kai ya mai da ni aikinsa. Ya koyi yin wainar dankali irin ta tsibirinku na Chiloé, wai don in riƙa cin abincin gidan miji. Ta farko ta fito kamar tafin takalmi. Yakan dire min faranti ya tsaya a kaina da ludayi.

“Ci, ’yar nan. Wanda ya biya ƙafa saboda ni ba zai zo ya tarar na bar matarsa ta zama tsinke ba.”

“Ni ba matarsa ba ce, Don Belarmino. Ya ce ya fasa.”

“Ya fasa? Da izinin wa? Ni sau nawa na rantse na daina taba? Maganar mai ciwo ai zazzaɓi ce, ba a rubuta ta. Ci, kafin in kira Shugaba ya rubuta sunanki a rahoto.”

Wani lokaci sai in iske shi a bayan kicin shi kaɗai, ya zuba wa taga ido, wuƙa a hannu, dankali bai feru ba. Nauyinka yana kansa, Aliro. Ba ya barci sosai. Ya ce da ƙafarsa aka ɗauka da ya fi masa sauƙi, tsohuwa ce, ta gama yawonta. In ba za ka ɗaga wayata ba, ka ɗaga tasa. Kalma ɗaya daga bakinka za ta sauke masa dutse.

Ranar bikin tsakiyar hunturu maƙwabtanmu na wancan sansani suka ratso daskararriyar teku a kan baburan dusa, mutanen nan da ba ma jin yarensu ba sa jin namu. Suka zo da kifin gwangwani da wani abin sha mai ƙona maƙogwaro, mu muka yi musu farfesu da fanke. Ana tsakiyar ci, dogon bakaniken nan nasu, mai gemu kamar tsintsiya, wanda ka taɓa jawo wa kwalekwale da injinsa ya mutu, ya zo ya tsaya a gabana. Ya kwaikwayi tuƙi da hannu, ya nuna ƙafarsa, ya ɗaga gira. Na gyaɗa kai. Sai ya zaro wata sanda daga cikin rigarsa, ya ɗora min a hannu biyu. Da katakon tsohon keken dusa ya sassaƙa ta, ya goge ta har tana sheƙi, ya zana ɗan kwalekwale a mariƙinta. Ya bugi ƙirjinsa, ya ce sunanka a karkace, “Aliru, Aliru,” ya juya da sauri ya koma wurin zamansa.

Ka ga ƙasar nan? Ba wanda ya gaje ta, ba wanda zai tsufa a cikinta. Ba itace, ba kabarin kaka, ko shararmu sai mun ɗaure mun mayar inda muka fito. Dukkanmu baƙi ne, shi ya sa ciwon ɗaya yake zama na kowa. Sandar tana tare da wannan takarda. In ba ka bukatarta ka rataye ta a bango, amma kada ka ce ba ka so. Ba tausayi ba ne, gaisuwar maƙwabci ce.

Cikin Agusta rana ta dawo. Muka fito gaba ɗaya muka jeru a kan tudu kamar masu jiran baƙo. Sai ga bakinta ya ɓullo a kan dutse, siriri, kamar gefen farantin zinariya. Dusa ta kama da wuta, duniya ta yi ruwan hoda, inuwoyinmu suka miƙe dogaye a bayanmu, mu da muka manta muna da inuwa! Shugaba ya cire hula. Don Belarmino ya yi kuka har hawayen suka daskare a gashin bakinsa, ya ce wai iska ce ta shiga idonsa. Ni kuwa na buɗe baki in ce, “Aliro, duba!” Na juya, ba ka nan. Ya Allah, ashe farin ciki ma yana da ƙaya in ba wanda za a nuna wa!

Yanzu kuma fengwin, tsuntsayen nan da ba sa tashi sama, sun dawo. Wata safiya cikin Oktoba na farka na ji hayaniya kamar kasuwa ta ci. Na leƙa, sai ga su a jere sun taso daga bakin ruwa, baƙar kwat da farin ƙirji, kowa na sauri kamar an kira shi taro. Kan duwatsun nan dai suka nufa, inda bara ruwan sama ya sauka a wurin da dusa kaɗai aka sani, ya jiƙa ’ya’yansu, kai da masu binciken tsuntsaye kuka yini kuna tsintar gawarwaki, ka dawo ka kasa cin abinci. Na ɗauka ba za su sake yarda da wurin ba. Ga su nan, suna ta tara tsakuwa, suna sace ta juna, suna zage-zage.

Jiya Don Belarmino ya same ni a can ina kallonsu. Da ya ji zan rubuto maka sai ya ce, “Ki gaya masa kin ga wani mai ɗingishi a cikinsu, kuma matarsa ba ta guje shi ba.”

Na ce, “Ai ban gani ba.”

Ya ce, “To ki gani mana! Wa zai zo ya bincika?”

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban ga mai ɗingishi ba. Abin da na gani shi ne duk cikinsu babu mai tafiya daidai. Kowa rangaji yake, kowa tuntuɓe yake, wannan ya faɗi da baki, wancan ya gaji ya kwanta ya ja ciki, kuma ban ga wanda ya koma ya ɓuya a ɗaki don kunya ba. Amma bari su taɓa ruwa! Sai ka ga kibiya, sai ka ga walƙiya. Kai ma ruwa ne gidanka, ya kai ɗan teku. Tuƙi da ido ake yin sa, da hannu, da kunnen da ke jin inda ƙanƙara take kafin a gan ta. Wanne daga ciki likita ya yanke?

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa na ɗauki alƙalami, bayan na daɗe ina haɗiye maganata.

Kowace Lahadi nakan kira mahaifiyarka. Ka sani, don kana jin ƙarar wayar kake shigewa ɗaki. Kullum amsarta ɗaya ce: “Yana nan, ’yata. Yana ci, ba ya magana. Ki ƙara haƙuri.” Lahadin da ta wuce muna cikin gaisawa sai ta ce, “Tsaya, ’yata, tukunyata na ƙonewa.” Na ji ta ajiye wayar a kan tebur. Ba ta kashe ba. Har yau ban sani ba ko mantuwa ce ko dabara, ita ma na tambaye ta ta ce tsufa ne.

Sai ga gidanku gaba ɗaya a cikin kunnena. Na ji itace na fashewa a murhu. Na ji iskar Punta Arenas tana jijjiga kwanon rufi. Na ji faratan kare a kan daɓen katako. Sannan ƙofa ta yi ƙara, na ji taku. Ɗaya mai laushi, ɗaya mai ƙarfi. Taf, ƙwas. Taf, ƙwas. Na kasa kunne in ji sanda, babu sanda. Aliro, tafiya kake! Da ƙafar roba, kai kaɗai, ba mai riƙe da kai! Na toshe bakina da hannu biyu don kada ihuna ya tona ni. Na ji ka yi karo da kujera, na ji ka zage ta har kakarta, na ji ka gyara tsayuwa ka ci gaba. Ban taɓa jin waƙa mai daɗin wannan zagin ba.

Sai ka tsaya. Ka ce, a hankali, “Ita ce?”

Mama ta ce, “Wa?”

“Mama, kin san wa.”

“To, ita ce. Sai aka yi yaya?”

Sannan ka ce, “Tarin nan ya sake ta? Ki ce mata ta riƙa sa safar hannu biyu in za ta fita. Kullum sai ta manta ta ciki.”

Mama ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, “Ka gaya mata da kanka mana. Ƙafarka aka yanke ko harshenka?”

Na ji takun ya juya ya koma, taf, ƙwas, taf, ƙwas, har ƙofa ta rufe. Ni kuwa na zauna a ƙasan ɗakin waya, bayana jingine da bango, ina kuka ina dariya, har mai kula da na’urori ya leƙo ya tambaya ko mutuwa aka yi. Na ce masa a’a, tashi aka yi.

To, kama ka na yi, ɓarawon zuciyata. Wanda ya fasa ba ya tambayar tari. Wanda ya warware alkawari ba ya ƙirga safar hannu. Tarin ya sake ni tun Satumba. Safar kuwa gaskiyarka, yau ma na manta ta.

Ka saurare ni da kyau, domin ba zan yi maka zaƙin baki ba. Ni nas ce, na san abin da ke gabanmu. Na san akwai ranakun da dungun zai kumbura ya ƙi shiga ƙafar. Na san akwai lokacin da za ka ji ƙaiƙayi a yatsun da babu su, ka rasa inda za ka sosa, ka huce a kan wanda ke kusa. Na san za ka ga abokanka suna tsalle daga jirgi zuwa gaɓa, ranka ya ɓaci, ka ƙi cin abinci. Zan kasance a wurin. Wata rana zan lallashe ka, wata rana zan rama, don ni ma ba waliyyiya ba ce. Ba jinyarka zan zo yi ba, majinyata ba su ƙare min ba. Aurenka zan zo yi. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, amma ba a ce a tashi daga filin ba.

Shekaranjiya Shugaba ya kira ni ofis ya ce suna so in ƙara shekara ɗaya a nan. Ka san ina son ƙasar nan. Ina son shirunta, ina son haskenta, ina son yadda take mai da mutum ɗan ƙarami har ya ji sauƙi. Barinta zai yi min ciwo kamar cire haƙori. Na ce masa na gode, ina da wani aiki a gida. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Mai aikin ya san da zuwanki?” Na ce zai sani ranar da jirgi ya sauka. Ka ga ke nan na riga na ƙona gadar baya. Ba ni da wurin komawa sai wurinka.

Ya kai tauraron da nake dubawa in hanya ta ɓace, ya kai tudun da tsuntsuwa ke nufa bayan ta gaji da teku! Ina roƙonka abu ɗaya, ƙarami. Jirgin ruwan da zai kwaso mu zai iso Punta Arenas bayan sabuwar shekara, Mama za ta san ranar. Ka zo bakin tasha. Ka zo da sanda ko ba sanda, da fara’a ko da ɗaure fuska, ka zo ko don ka gaya min a gaban idona cewa ba ka so na, in ga ta inda maganar za ta fito. Kada ka ji tsoron iska ta kayar da kai a gaban mutane. Wa iskar garin nan ba ta taɓa kayarwa ba? Limamin cocinmu ma ta taɓa kai shi ƙasa da rigarsa.

Kuma ka zo da ƙarfinka, don zan bukace shi. Ka san abin da tekun nan ke yi min. Kwana da kwanaki za ta yi tana wurgi da mu, ina rungume da bokiti, ban san sama ban san ƙasa ba. Ranar da zan sauko daga matakala fuskata za ta yi kore, ƙasa za ta riƙa gudu daga ƙarƙashina. A duk tashar nan, Aliro, ba za a samu mai tangaɗi kamata ba. Wani zai tare ni kafin in kai ƙasa. Ka tsaya kusa.

Taka a cikin duhu, taka a cikin haske, taka muddin teku na da gishiri, muddin ina da numfashin kiran sunanka,

Yasna Cárcamo